Ƙafa, Me Na Ci Ban Ba Ki Ba? Muhawara Kan Gudu Ba Takalmi

Duk mai son ganin yadda Allah Ya bambanta ƙafafun bayinSa, ya tsaya a bakin wurin alwala na masallacin Juma'a ya zuba wa siminti ido. Kowa ya wanke ƙafa ya taka sai ya bar sawunsa a jiƙe, kafin rana ta lashe shi. Wani sawunsa cike yake taf tun daga diddige har yatsu, faɗi ɗaya, kamar an manna gurasa a ƙasa. Wani gefen ciki a zaizaye, sawun ya fito kamar ƙwayar wake. Wani kuwa diddige daban, gaban tafi daban, sai ɗan siririn layi ta wajen ƙaramin yatsa da ya haɗa su, wani lokaci ma babu shi. Dukkansu da ƙafarsu suka zo, da ita za su koma gida, kuma babu wanda ya taɓa tsayawa ya tambayi kansa ko tasa ce daidai.

Abin da ya raba sawayen nan uku shi ne lanƙwasar da ke cikin tafin ƙafa, wurin nan da ba ya taɓa ƙasa, inda ake yi wa yara cakulkuli. Zan kira shi bakan ƙafa, domin da bakan maharbi ya fi kama. Ƙasusuwa 26 ne a kowace ƙafa, na tsakiya an jera su sun yi doro, a ƙarƙashinsu kuma ga wata jijiya mai faɗi da tauri da ta taso daga diddige ta kama gindin yatsu. Ita ce tsirkiyar. In ka taka, nauyinka ya danne bakan, tsirkiya ta miƙe. In ka zo ɗagawa, ta ja ta koma, ta ɗan cilla ka gaba. A 1987 wasu masana a Jami'ar Leeds ta Ingila sun auna wannan, suka tarar bakan yana ajiye kusan kashi 17 cikin 100 na ƙarfin da mai gudu ya zuba a kowane taku ya mayar masa da abinsa, agara kuma tana mayar da kusan kashi 35. Mai sawun gurasa bakansa ƙasa-ƙasa yake, mai rababben sawu nasa ya yi sama da yawa, mai sawun wake yana tsakani.

Abin da ake ja-in-ja a kai shi ne: in mutum zai yi gudu don lafiyarsa, ya tuɓe takalmi ne ya bar bakan nan ya yi aikinsa, ko ya tallafe shi da kambas mai katifa? In kuma tuɓewar za a yi, wace irin ƙafa ce za ta iya? Ba mu muka ɗauko zancen ba. A Amurka ya yi ƙarfi, a 2009, sa'ad da wani ɗan jarida, Christopher McDougall, ya fitar da littafinsa Born to Run kan mutanen Tarahumara na tsaunukan arewacin Meziko, masu wuni suna gudu sanye da ɗan takalmin fade da suka yanko daga tsohuwar taya. Duk wanda ya san kasuwar ƙauye ya san irinsa. Littafin ya karɓu, sai ga ma'aikatan ofis suna sassarfa a kan kwalta ƙafa ba takalmi. Na sha dariya ranar da na fara jin labarin. Abin da rashi ya sa mu yi muna yara, har ana yi mana gori, shi ne masu hali suka mayar ado, har da kamfanonin da ke sayar musu da takalmin da ke kwaikwayon rashin takalmi, a kan kuɗin da zai saya wa unguwa guda silifas.

Amma dariya ba hujja ba ce, kuma mutanen suna da abin faɗa. Babban mashaidinsu shi ne Abebe Bikila, sojan fadar Sarki Haile Selassie na Habasha, wanda ranar 10 ga Satumba 1960 ya lashe gudun yada-ƙanin-wani na Olamfik a birnin Rum ba takalmi, kilomita 42 da ɗoriya cikin awa 2 da minti 15 da daƙiƙa 16, ƙarshen tseren ma da dare, a kan tsohuwar hanyar Rumawa, ana haska musu da wutar yula. Ga kuma Zola Budd, haifaffiyar Afirka ta Kudu, da ta ci gasar duniya ta gudun ratsa daji a 1985 da 1986 da tafinta a ƙasa.

Wanda ya ba zancen ƙafar tsayuwa a wurin masana shi ne Farfesa Daniel Lieberman na Jami'ar Harvard. A binciken da ya fitar a watan Janairun 2010, ya auna takun masu gudu a Amurka da kuma a yankin 'yan Kalenjin na Kenya. Ya tarar yawancin waɗanda suka saba da kambas da diddige suke fara dira, waɗanda suka tashi ba takalmi kuwa sun fi dira da gaban tafi, daidai gindin yatsu, sannan diddige ya biyo baya a hankali. Dira da diddige kamar sauke taɓarya ne a turmi: wani duka mai kaifi ke ratsa ƙashi ya haura gwiwa kafin ƙiftawar ido. In da gaban tafi aka dira, idon sawu da agara da baka su ke shanye dukan, yadda kyanwa ke yi in ta diro daga katanga. Don haka masu wannan ra'ayi ke cewa katifar kambas toshe wa ƙafa baki ta yi. Ba ta jin zafi, ba ta gyara taku. Mutum ya riƙa wurga ƙafa can gaba yana dukan ƙasa da diddige, tsokokin cikin tafi kuma su miƙe ƙafa su yi barci tunda an ɗauke musu aiki.

Hujjar da ta fi kama ni a nasu ɓangaren ta yara ce. Kowane jariri da shimfiɗaɗɗen tafi yake zuwa duniya, kitse ya cike wurin, bakan sai a hankali yake fitowa, har zuwa wajen shekara shida zuwa goma. A 1992 likitocin ƙashi biyu a Indiya, Rao da Joseph, sun ɗauki sawun yara 2,300 'yan shekara 4 zuwa 13. A cikin masu sa takalmi, kashi 8.6 cikin 100 na da shimfiɗaɗɗen tafi. A cikin marasa takalmi, kashi 2.8 kacal. Abin ya fi yawa ga masu sau-ciki, ya ragu ga masu silifas. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma da alama ƙafar da ta yi wasa a ƙasa ta fi tanƙwaruwa da kyau. Hatta kaushi, da muke kankarewa da dutse don kunya, ya samu masu kare shi: wani bincike na 2019 da ya haɗa mutanen Kenya da na Amurka ya nuna kaurin fatar tafi yana kare ƙafa ba tare da ya rage mata jin abin da ta taka ba. Babu katifar da ta iya haɗa biyun nan.

To, su kuma ɗaya ɓangaren ba su musanta Bikila ba, cewa suke a ƙarasa labarin. Shekara huɗu bayan Rum, a Tokyo, makonni kaɗan da yi masa tiyata a ciki, Bikila ya sake lashe tseren, wannan karo da takalmi, kuma ya rage fiye da minti uku a lokacinsa. Zakarun Kenya da Habasha da yawa ba takalmi suka yi zaryar makaranta, amma ranar da hali ya samu babu wanda ya ce a bar shi haka. Da Eliud Kipchoge ya yi gudun kilomita 42 ɗin nan cikin ƙasa da awa biyu a Viyana a 2019, takalmin da ke ƙafarsa tudu ne guda, har hukumar wasannin guje-guje ta duniya ta fito a 2020 ta ƙayyade cewa kaurin ƙasan takalmin tseren titi kada ya wuce milimita 40.

Sannan ga abin da ya girgiza maganar dira da gaban tafi, kuma daga Kenya ɗin ya sake fitowa. A arewacin ƙasar, kusa da Tafkin Turkana, akwai makiyayan Daasanach da su ma ba su saba da takalmi ba. A 2013 Kevin Hatala da abokan aikinsa suka sa mutum 38 daga cikinsu gudu a kan ma'auni. Da aka bar kowa ya yi sassarfar da ta yi masa daɗi, kashi 72 cikin 100 na takun da diddige ne. Sai da aka ce su ƙara wuta sannan wasu suka koma tsakiya da gaban tafi. Ashe ba wata dira guda ɗaya da za a ce ita ce ta halitta. Ɗan Kalenjin mai gudu da sauri a kan busasshiyar ƙasa da takunsa, makiyayi mai sassarfa a ƙasa mai laushi da nasa. Ƙafa duba ƙasa take yi da saurin tafiya, ta zaɓi yadda za ta sauka. Wanda ya ce kowa sai ya koyi takun Kalenjin ya manta cewa kowa da kiwon da ya karɓe shi.

Nauyi kuma ba ɓacewa yake yi ba, ƙaura yake yi. Abin da ka ɗauke wa gwiwa, agara da sha-raɓa da siraran ƙasusuwan nan biyar na doron ƙafa ka ɗora wa. A 2013 ɗin dai, a Jami'ar Brigham Young ta Amurka, an raba gogaggun masu gudu 36 gida biyu, aka sa 19 su koma takalmin Vibram FiveFingers, mai kama da safar yatsu, cikin mako goma, a hankali ba da garaje ba. Da aka ɗauki hoton cikin ƙafarsu da na'urar MRI, goma daga cikin 19 ɗin ƙashinsu ya nuna alamar wahala, biyu ma har da tsagewa. A shekarar da ta biyo, kamfanin ya amince ya biya dala miliyan 3.75 don kashe ƙarar da masu saye suka kai shi kan iƙirarin cewa takalmin na ƙarfafa tsoka yana rage rauni, duk da bai amsa laifi ba.

Yanzu mu koma bakin siminti, wurin sawayen nan uku, domin nan ne kowane ɓangare ya sha kunya. An daɗe ana yi wa mai shimfiɗaɗɗen tafi kallon mai naƙasa. Sojojin ƙasashe da dama sun sha mayar da irinsa gida ranar ɗauka. Masu sayar da kambas kuma suka gina kasuwa a kai: jiƙa ƙafa, taka takarda, mai gurasa ga takalmi mai tauri da zai hana ƙafa karkata ciki, mai rababben sawu ga mai katifa. Da aka zo gwadawa, sai magana ta sha bamban. Wani bincike na 1993 kan kuratan sojan ƙasa na Amurka sama da 200 ya tarar masu bakan da ya yi sama su suka fi jin rauni a horo, masu shimfiɗaɗɗen tafi su suka fi tsira. Daga baya Joseph Knapik ya jagoranci gwaji kan dubban kurata na sojan ƙasa da na sama da na kundumbala: rabi an zaɓa musu takalmi bisa siffar sawu, rabi an ba su iri ɗaya ba tambaya. Raunin da aka samu kusan ɗaya ne. A Denmak ma an bi sababbin masu gudu 927 tsawon shekara, kowa da takalmi iri ɗaya, kuma waɗanda ƙafarsu ke ɗan karkata ciki ba su fi sauran jin ciwo ba. In sawu a takarda bai isa ya zaɓa maka takalmi ba, bai isa ya ce maka tuɓe ko kar ka tuɓe ba.

Ba wai siffar baka ba ta da tasiri ko kaɗan ba ne. Tana nuna inda ciwo zai fi ƙwanƙwasa ƙofa. Bakan da ya yi sama yawanci ƙanƙararre ne, ba ya lotsawa sosai, nauyi ya taru a diddige da gindin yatsu, mai shi ya fi kusa da ciwon ƙashi da targaɗe ta gefen waje. Bakan da ke ƙasa yawanci sakakke ne, yana shanye duka, amma jijiyoyin gefen ciki ke biyan kuɗin. Abin tambaya dai ba tsayin baka ba ne, motsinsa ne. Mai sawun gurasa ya dafa bango ya ɗage a kan yatsu: in bakan ya fito, lafiya lau, ƙafarsa mai aiki ce. In ya ƙi fitowa, ko kuwa ƙafa ɗaya ce ta fara shimfiɗewa bayan girma tana ciwo ta ƙasan idon sawu, wannan maganar likitan ƙashi ce, ba ta filin gudu ba.

Akwai wani kuskure da na ga ya fi kama sababbin shiga, kuma masu muhawarar ba su cika tsayawa a kansa ba: haɗa tafiya da gudu. Sun ji an ce dira da diddige laifi ne, sai su shiga tafiya a kan yatsu ko zuwa shago, kamar ɓarawon da ya shiga ɗakin mai barci. Tafiya daban take. A tafiya kullum ƙafa ɗaya na ƙasa, jiki na wucewa ta kanta kamar yadda mai kwale-kwale ke dogara sanda ya tura, kuma abin da ke sauka a ƙafar bai fi nauyin mutum da yawa ba. A gudu kuwa akwai ɗan lokacin da duk ƙafafu biyu ke sama, in aka diro ƙafa ɗaya ce ke karɓar ninki biyu zuwa uku na nauyin jiki. A tafiya, mai takalmi da marar shi duk da diddige suke farawa, kuma daidai ke nan. Masana a Jami'ar Utah sun auna a 2010 cewa tafiya a kan gaban tafi na cin ƙarfi fiye da ta diddige da sama da rabi. Abin da ke sauyawa in an tuɓe takalmi shi ne tsawon taku da yadda ake ajiye diddigen. Dubi tsohuwar da ta saba ɗauko tulu daga rafi: takunta gajere, diddige ya sauka kusa da jikinta a hankali, tafin ya bi shi ya kwanta, babban yatsa ya tura, ruwan kanta ko tangaɗi ba ya yi. Sa'an nan ka saurari ɗan birni ya tuɓe sau-ciki yana ratsa falo, dim-dim, har na ƙasan bene sai ya san ya dawo. Wanda bai koyi takun tsohuwar nan ba, bai kai ga maganar gudu ba tukuna.

Ni na koya ne ta hanya mai tsada. Ina cikin shekarun arba'in, tumbi ya fara gaisawa da mutane kafin ni, na ce ai mu da muka buga ƙwallon tsumma a kan burji ba sai an koya mana ba. Bayan sallar asuba na nufi filin wata makarantar firamare, na ajiye kambas a gindin darbejiya. Maigadi ya ɗago daga kan buzunsa ya ce, "Malam, lafiya? Ko ɓarayin masallaci ne suka yi maka aika-aika?" Na ce, "A'a Baba, motsa jiki ne." Ya ce, "To Allah Ya ba da sa'a. Ka dai kula da tsidau ta wajen gola." Na zaga filin sau shida a kan yatsu, iska na kaɗa ni, raɓa na sanyaya min tafi, na koma gida ina jin kaina Bikila. Washegari ma na koma. A rana ta uku sha-raɓata ta zama dutse. Da baya-baya nake sauka daga matakalar ofis, a zaman tahiya kuwa kafe yatsun dama sai da cije leɓe. Mako biyu ina ɗingishi. Tsidau bai taɓa ni ba. Abin da ya kayar da ni shi ne ƙafar da na kai filin ba ita ce ta ɗan shekara goma ba. Ta yi shekara talatin a cikin sau-ciki mai tudun diddige, agara ta saba da gajeren zango, kuma kayan da aka ɗora mata sun ninka.

Wannan, a ganina, shi ne abin da muhawarar ta tsallake. Ana ta duban siffar ƙafa, alhali tarihinta ya fi siffarta magana: shekara nawa ta yi a rufe, nauyi nawa take ɗauka, a kan wace ƙasa, kuma cikin wane irin hanzari aka sauya mata aiki. Tsoka cikin makonni take sabawa, jijiya da ƙashi sai an yi watanni, shi ya sa mutum ke jin ƙarfi ya ƙara zango tun ƙashi bai shirya ba.

Mu nan kuma akwai lissafin da ɗan Amurka ba ya yi. Kwaltarmu da rana tsaka sai ta gasa ƙwai, gefen titi fasassun kwalabe ne da ƙusa. Inda ake bahaya a fili, akwai tsutsar ciki mai shan jini da ta fatar ƙafa take shiga. A tsaunukan Habasha, ƙasar Bikila kanta, da arewa maso yammacin Kamaru, akwai wani nau'in tundurmi da jar ƙasa ke jawo wa manoma marasa takalmi, kuma riga-kafinsa takalmi ne da wanke ƙafa. Wanda ya taɓa leƙa asibitin masu saran maciji a Kaltungo ya ga aikin kububuwa ba zai yi wa manomi wa'azin tuɓe takalmi ba.

Hukuncina ga shi. A kan yara, masu tuɓewa sun yi gaskiya: a share tsakar gida a bar su su yi tsalle-tsallensu a ƙasa, a daina ɗaure ɗan shekara biyu cikin sau-ciki don a ce gidansu akwai hali. A kan babba, babu ɓangaren da ya kawo hujjar cewa hanyarsa ta rage yawan rauni gaba ɗaya. Wanda ke gudu da kambas ba abin da ke damunsa, ya riƙe kambas ɗinsa. Wanda gwiwa ta addaba yana iya gwadawa, ko sawunsa gurasa ne ko wake, amma ya fara da tafiya a cikin gida na 'yan makonni, sannan sassarfar minti biyu ko uku a wuri mai tsabta da ya duba da idonsa, ya tsallake kwana ɗaya kafin ya koma, taku gajeru, kuma ya bar diddige ya taɓa ƙasa. Tsamin tsoka ba komai ba ne. Ciwon da za ka iya nunawa da yatsa ɗaya a doron ƙafa, wanda ke ƙaruwa in ka taka, shi ne na tsayawa a nemi asibiti.

Mai ciwon suga kuwa, ɗan'uwa, babu kai a wannan muhawara. Ciwon kan kashe jin tafin ƙafa, ka taka ƙusa ba ka sani ba sai gyambo ya buɗe. Ka sa takalminka ko a tsakar gida ne, kuma ka duba tafinka da tsakanin yatsu kowane dare kafin ka kwanta.